Mutumin da Ya Auna Gari da Makara

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma, wannan babu mai musu. Abin da nake musu a kai shi ne maganganun da kunnena ya sha a kwanakin nan na zaman makoki, ina cikin mata ina amsa "ya haƙuri" har muryata ta dishe. Surukina ne ya rasu, uban maigidana, wanda garin nan namu na ƙasar Kurfai ya sani da Mer. Ba zan kama sunansa ba. Ban kama ba yana raye, ba kuwa zan fara ba don ƙasa ta rufe masa ido. Baba nake ce masa, haka zan ci gaba.

Mutane sun zo, ba laifi. An zo daga Filinge, an zo daga Tabla, har daga wajen Abala wasu suka iso a kan raƙuman da ƙashin haƙarƙarinsu ke ƙirguwa, ga shi shekara ce ta fari, kowa da abin da ya dame shi. Wata Bazabarma mai sayar da kanwa ta riƙe hannuna tana "kala suru, kala suru," wato sai haƙuri, tana kuka da gaske, kukanta ya sanyaya mini rai. Tsofaffin Arna, masu bin addinin kakanni, sun zo daga ƙauye suka zauna gefe guda. Ba su ɗaga hannu ga fatiha ba, ba su kuma tashi ba sai da rana ta yi sanyi. Duk waɗannan ba su ne suka ƙona mini rai ba.

'Yan gari ne. Ta kan zana nake jiyo su a ƙofar gida, wannan ya ce, "Bango ya hwaɗi," wancan ya ce, "Wanga mutum shi yag gina garinga." Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne ɗan wan Baba, mai kanti a gindin tsamiya. Ya shigo har cikin gida yi wa mata gaisuwa, yana share ido da hannun riga yana cewa, "Ba mu ƙara samun irinai! Walle ba mu ƙara samu!" Ni kuwa kaina na duƙe, ƙafafunsa nake kallo. Akwai ɗanyar laka a bakin wandonsa, a shekarar da mata ke kwana biyu ba su wanke tukunya ba. Na ciji leɓe na ce amin.

Ina rubuta wannan ne don yabon da ake yi masa ya fara wanke shi har ya koma wani mutum da ban sani ba, mai sanyin hali, wanda kowa ke so. Baba ba shi da sanyin hali, ba kuma kowa ke son sa ba. Abu guda kuma ya roƙa wurin garin nan a duk tsawon ransa, shi nake so a tuna.

Ni ya gaya wa. Ya riga ya kwanta ciwo, na kai masa fura da hantsi, na durƙusa na ajiye zan fita, ya ce in tsaya.

"Ɗiyata, ke ka jin magana cikin gidanga. In na mutu, ku hid da ni ta hanyata, a miƙe. Kada a karkata ni."

Na ce, "Baba, Allah shi ba ka lahiya."

Ya ce, "Lahiya ta Allah ta. Hanya ta mutane ta. Kin jiya?"

Na ce na ji. Wanda bai san garinmu ba zai ce wannan ai ƙaramin roƙo ne. To bari in faɗi abin da ake nufi da hanyarsa.

Da can garin nan ba shi da hanya, sai lunguna. Kowa ya kafa zanarsa inda ransa ya so, ya ja katanga inda ƙarfinsa ya kai, har akwai wuraren da mai ɗauke da tulu sai ta bi a gicciye. Gwaggon Baba, ƙanwar ubansa, ita ta ba ni labarin ranar da uwarsa ta rasu, yana saurayi bai daɗe da dawowa cin rani daga Kurmi, can ƙasashen kudu, ba. An ɗauko makara, aka zo wani lungu ta ƙi juyawa. Aka yi gaba, aka yi baya, aka karkata ta har gawar ta zame. Ƙarshenta sai sauke ta aka yi, aka miƙa tsohuwa cikin tabarma ta kan zana, hannu da hannu, kamar damin kara. Gwaggo ta ce bai yi kuka ba a ranar, bai kuma ci abinci ba. Shi kansa bai taɓa ɗaga mini wannan zance ba.

Da aka sami mulkin kai, aka ce garuruwa masu kasuwa su fitar da mutanen da za su riƙa duba tsarin gari, rijiya da mahauta da wurin zuba shara. Aka ɗora Baba bisa kansu, don ya ga duniya, yana kuma jin 'yar Faransancin da za a yi magana da mutanen biro, wato ofishin hukuma. Takarda ba ta taɓa kiransa magajin gari ba. Mutane ne suka ji ana ce wa na manyan birane Mer, suka laƙaba masa, rabi girmamawa rabi tsokana, sunan ya bi shi har kabari. Ranar da aka ɗora shi ya ce gari na bukatar hanya guda da za ta taso daga bakin arewa, ta bi ta rijiya da masallaci, ta fita maƙabarta. Aka ce za a aiko mai awon ƙasa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, mai awo bai zo ba.

Ina amarya a lokacin, lallen ƙafata bai gama fita ba. Wata safiya sai na ji mata na salati a waje, na leƙa. Ga Baba gaba, bayansa ƙarti huɗu ɗauke da makarar masallaci, ba kowa a kai, sun kuma riƙe ta a gicciye, da mutum a kowane gefe ya miƙe hannu. Awonsa ke nan. Ya ce hanya sai ta isa makara ta juya a ko'ina, da wurin masu karɓar kafaɗa. Duk inda ta bugi katanga ko zana, sai a shafa farar toka a wurin.

Gari ya ruɗe. A wurinmu makara ba ta tsayawa ƙofar gidan da ba a yi mutuwa ba, kiran mutuwa ne. Mata suna janye 'ya'ya, ana rufe ƙyaure, wata tsohuwa ta watsa musu ruwan wanke-wanke. Liman ya fito da carbi a hannu ya tare su.

"Mer, ji tsoron Allah. Makara ba ta hita banza. In tah hita wohi, sai ta biɗi mai cika ta."

Baba ya dube shi, ya dubi jama'a, ya ce a sauke. Ya tuɓe takalmansa, ya hau ya miƙe a kai, ya ɗora hularsa bisa ciki.

"To Malam, ga ta da mutum. Ku ɗauka mu tahi."

Haka aka zaga da shi gari, yana kwance yana ba da umurni, "A shahwa nan. Wancan rumbun ma." Rumbun farko da aka shafa wa toka nasa ne, da hannunsa kuma ya kwashe hatsin ya rushe shi tun kafin azahar. Ni ina bayan ƙyaure, dariya na cina, tsoro na cina, ina cewa a raina wane irin gida ne aka kawo ni.

Sun yi ta tafiya lafiya sai da suka iso gindin tsamiya. Tsamiyar nan ta girmi garin. Tsakanin saiwoyinta akwai tukunya a kife da wasu duwatsu, nan Arna da 'yan bori ke zuba fura su yanka baƙar akuya kafin ruwan farko, Gwaggo ce kuma mai kula da wurin. Daura da tsamiyar zauren wan Baba ne, wanda muke ce wa Baba Babba, uwa ɗaya uba ɗaya. Makara ta zo tsakani, gefe guda ya bugi icce, gefe guda ya bugi zaure. Dole ɗaya ya tafi.

Kowa ya ɗauka iccen za a sare. Baba mai salla ne, Liman ma a ranar ya manta da fushinsa ya ce ga dama ta samu a raba gari da tsafi. Gwaggo ta je ta zauna kan saiwa ta miƙe ƙafa. Baba ya sauko daga makara, ya karɓi ƙwaryar toka, ya shafa wa zauren wansa.

Baba Babba ya fito. "Kai! Zauren da ubanmu yag gina? Kai mai salla, ka zaɓi iccen iskoki ka bar ɗan'uwanka?"

"Yaya, zaure ana gina wani cikin rani guda. Iccenga ba namu na ba mu kaɗai. In nis sare shi, rabin ƙasagga sun bar zakkuwa kasuwarmu."

"To daga yau ba ni da ƙane."

Ya kuwa cika maganarsa. An rushe zaure, hanya ta lanƙwasa ta kewaye tsamiya ta bi ta inda yake. Baba ya tura magina suka yi masa sabon zaure daga baya kaɗan, ya fi na da girma, Baba Babba bai taɓa zama ciki ba, awaki ya zuba. Suna haɗuwa a masallaci kafaɗa da kafaɗa, a sallame kowa ya nemi takalminsa. A nan kam ina ganin laifin Baba, kuma da na isa da na faɗa masa. Da ya bi wansa gida tun da fari, ya durƙusa ya roƙa, da wataƙila ya ba da zauren da kansa. Amma Baba bai iya roƙo ba. In yana da gaskiya sai ya ɗauko ta ya buga wa mutum a goshi, ya yi mamakin ganin jini.

Haka yake ko cikin gida. In miya ta yi gishiri sai ya tambaya ko an kai tukunyar Bilma ne, garin gishiri, aka dawo da ita. Bai taɓa ce mini na gode ba, amma shekarar da na yi ɓari shi ya hana a ɗora mini daka har na warke, ya ce wa uwar maigidana ɗiyar mutane ba jaka ba ce. Shi ya tura ni ajin yaƙi da jahilci, mutane na cewa ya sake wa surukarsa linzami. Ga shi yau da wannan karatun nake ba da labarinsa, har da abin da ba zai so ba.

Amfanin hanyar bai fito sosai ba sai a babban fari na farko. Wanda ya ga shekarun nan ba ya son tuna su. Hatsi ya tsaya ga gwiwa ya bushe, aka ci ganye, aka tona gidan tururuwa. Mutanen arewa, Buzaye da Fulani, suka gangaro da abin da ya rage musu na dabbobi suka sauka bakin gari. Sai manyan gari suka taru suka ce a sare ƙaya a toshe bakin hanya daga arewa, kada baƙi su shanye rijiya. Har an fara jan ƙaya. Baba ya ɗauko buzunsa ya shimfiɗa a tsakiyar wurin, rana tsaka, ya zauna.

"Hanya ba ta da ƙyaure," in ji shi. "Wanda ka son ƙyaure shi yi ma ɗakinai."

Ya tsara ɗibar ruwa, 'yan gari da safe, baƙi da yamma, ya sha zagi daga kowane gefe. Da kamiyon taimako, babbar motar kaya, ya zo da dawar nan ja, a wasu garuruwan bakin gari yake juye buhuna, mai ƙarfi ya kwashe. Mu nan har gindin masallaci ya shigo, aka yi rabo a idon kowa, tsofaffi da masu goyo suka samu. A ranar na ji wanda ya fi kowa zagin makarar Baba yana cewa ai tun farko shi ya ba da shawarar a yi hanya.

Makara kuwa ta yi aiki a shekarun nan, har igiyoyinta suka tsinke aka sake. Baƙi na mutuwa ba dangi, ba mai ɗauka. Baba ke fara sa kafaɗa, in ya sa kuma kunya ta sa wasu su sa. Ba a karkata ko ɗaya ba, ko wanda ba a san sunansa ba. Ya kan ce garin da gawa ba ta fita cikinsa a miƙe, masu ransa ma a duƙe suke.

A cikin farin nan ne kuma ya yi abin da ya zama sanadin ɓacin aikinsa, da hannunsa, cikin alheri. Wata Buzuwa ce mijinta ya mutu ya bar ta da ƙananan 'ya'ya, ba akuya ba jaki. Ta roƙe shi wurin da za ta kafa 'yar rumfar kara ta riƙa saƙa tabarma tana sayarwa. Ya nuna mata gefen hanya kusa da rijiya, ya ce zuwa ruwa ya sauka. Ruwa ya sauka, ba ta da inda za ta koma, shi kuma bai iya tashin ta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da soja suka karɓi mulki aka rushe su Baba, aka ce su koma gida an gode, babu sauran mai hana kowa.

Ba wanda ya ci hanyar a rana guda, shi ya sa ba a kama ɓarawo ba. Wannan ya yi ɗan dakalin shan iska. Bayan shekara dakali ya sami rumfa, rumfa ta sami katanga, katanga ta sami ƙofa da kwaɗo. Wancan ya ga an yi, ya matso da turken jakinsa. Kowa taki guda ya ci, kowa kuma in ka tambaye shi sai ya nuna maka na gaba da shi. Waɗannan su ne masu cewa bango ya faɗi a ƙofar gidanmu, kuma bangon kowannensu yana tsaye a kan hanyarsa.

Babbar ɓarnar, ɗan wan Baba ne ya yi ta. Ya yi arziki a fataucin shanu, ya dawo ya gina kanti daidai inda tsohon zauren ubansa yake, tubali da shafen siminti, har ya zarce inda zauren ya tsaya. Tsakanin bangon kanti da saiwoyin tsamiya sai abin da jaki mai kaya zai bi yana gogar gefe. Baba ya je da sandarsa ya ƙwanƙwasa bangon.

"Yaro, wagga hanya ta."

"Baba Ƙarami, ƙasar ubana ta. Baƙuwa ta kahwa rumhwa kun ƙyale, ni ɗan gida za a hana?"

Baba ya juya. Ya dawo gida ya zauna bai taɓa furarsa ba. Daga nan kullum da safe sai ya bi hanyar daga bakin arewa har maƙabarta, yana ƙwanƙwasa kowane dakali da sanda. Yara suna bin sa suna kwaikwayo, manya na cewa tsufa ya taɓa Mer. Ni kuwa ina kallo zuciyata na tafasa, don na san hankalinsa ya fi na duk mai dariyar.

Wannan ita ce hanyar da ya ce a fitar da shi ta cikinta a miƙe. Na gaya wa maigidana a ranar. Maigidana mutumin kirki ne, amma irin kirkin da ba ya son a ji kansa da kowa. Ya ce Allah ya kai mu, a bar kaza cikin gashinta, in lokaci ya yi za a san yadda za a yi. Na san yadda za a yi ɗin, za a karkata. Sai na dama fura na yafa zane na nufi gidan Baba Babba, abin da suruka ba ta yi. Na same shi a inuwar katanga, ido ya yi rauni, jiki duk ya tafi. Na durƙusa nesa na faɗi saƙon kamar yadda aka faɗa mini.

Ya ce, "Wa yac ce?"

Na ce, "Ƙanenka, Baba."

Ya ce, "Ba ni da ƙane."

Ya sha furar dai. Na ɗauki ƙwaryata na dawo, ina jin kunya da haushi.

Baba ya cika da asuba ranar kasuwa. Kafin a gama wanka, Buzuwar nan, wadda yanzu ta tsufa, ta tumɓuke rumfarta da hannunta ta jawo karan gefe, ba wanda ya ce mata ta yi. Ita kaɗai ce a duk garin. Aka yi salla, aka ɗauko shi, makarar nan dai ta masallaci. Mu mata ba mu bin gawa, amma daga kan turmi a bayan zanarmu ana hango tsamiya, na kuwa hau, duk mai cewa bai dace ba ya ce.

Sun kutsa ta tsakanin dakalai, masu karɓar kafaɗa na komawa baya don ba wuri. Da suka iso tsamiya suka tsaya cik. Kan makara ya shiga, gindinta ya ƙi juyawa. Na ji ana cewa, "A karkata kaɗan." Wani ya ce a'a, a taka ta kan tukunyar Arna a wuce, ai ba komai ba ne. Tsofaffin Arna na tsaye suna ji. Wato ko a karkata shi, ko a bi da shi ta kan abin da ya rasa ɗan'uwa don ya tsare. Na ga maigidana a gaba, kafaɗarsa ƙarƙashin icen makara, yana duban ƙasa. Na ga gefe guda ya fara ɗagawa, likkafani ya motsa.

Sai wata murya ta ce, "Ku aje shi."

Baba Babba ne, a kan jaki, ana riƙe da shi. Ban san ma ya fito ba. Liman ya ce gawa ba ta jira, rana na yi. Tsoho ya ce ta jira. Ya sa aka kai shi jikin bangon kanti, ya shafa shi da tafin hannu, ya kira ɗansa.

"Wanga bango naka na?"

"Baba, ƙasarka ta, inda zaurenka..."

"In tawa ta, na ba shi. Rushe shi."

"Baba, kaya na ciki, mutane na kallo."

"Su kalla. Uwarmu anka miƙa ta bisa zana kamar kara, ina nan tsaye. Ba a yi ma ƙanena hakanga ina da rai."

Ƙanena, ya ce. Na ji da kunnena, na ji haushin da bai faɗa ba sai da mai jin ya tafi.

Aka tsaya ana duban juna, ba diga ba gatari, kowa ya fito jana'iza ne. Na sauko daga turmi na ɗauki taɓaryata na miƙa ta kan zana. Maƙwabciyata ta miƙa tata, kafin ka ce me taɓare sun fito daga gida-gida. Maigidana ne ya fara duka, na yafe masa abubuwa da yawa a wannan lokacin. Siminti ya fashe, tubali ya zube, ƙura ta tashi ta sauka kan likkafani. Aka kwashe ɓaraguzai, aka ɗauki Baba, makara ta juya gindin tsamiya da mutum a kowane gefe, ta wuce a miƙe. Shi ne mutum guda da na sani ya hau makarar nan sau biyu, duka biyun kuma sai da ya rushe gini a wuri ɗaya.

Da a nan labarin ya tsaya da ban ɗauki alƙalami ba, da na yi kukana na yi shiru. Amma na faɗa muku na ga laka a wandon mai kanti. Washegarin sadakar uku na fita ɗibar ruwa, sai ga tubali sabo an jera a bayan kanti yana shan rana. A shekarar da muke bin layi da tulu tun asuba, shi ya sami ruwan kwaɓa ƙasa. Yana zuwa ya yi mana kuka da safe, ya koma ya duba ko tubalinsa ya bushe. Sauran masu dakali kuwa ko taki guda ba wanda ya ja baya, sun dai yaba da abin da aka yi, sun ce ya dace da Mer.

Abin da ya hana a ɗora tubalin nan abu guda ne. Kullum da hantsi Baba Babba na sa a kai shi wurin, a shimfiɗa masa buzu a tsakiyar inda aka fasa, ya zauna da sandar ƙanensa bisa cinya, don ya aiko an karɓa masa ita. Jiya na kai masa fura can. Ɗansa na tsaye yana lallashinsa ya koma inuwa, rana za ta yi masa illa.

Tsoho ya ce, "Ni ma nan za ni bi. In ka matsu, gina bisa kaina."

Ɗan ya yi murmushi ya ce Allah ya ja kwana, ya koma cikin kanti. Ba gardama ya yi ba, ba ya bukata. Na dubi tsohon, fura na zuba masa a gemu, na dubi tubalin a jere, ya bushe sarai, ba abin da zai same shi ko shekara zai yi.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabari fiye da yadda muka bar masa hanya. Shi dai ya fita a miƙe. Mu da muka rage, hanyarmu na rataye ga numfashin tsoho guda, tubali kuma na jiransa.